Waken Tokar Alhaji Mode

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan Alhaji Mode a unguwar Gidan Igwai, kuma gajeruwa ce, in na tsaya a kan turmi har madafarsu nake gani. Ni ce Dije mai ƙosai. Da wake na ci, da wake na aurar da 'ya'yana, hancina ya san shi fiye da yadda ya san turare. Abin da aka yi wa Delu a bayan katangar nan ba labari aka ba ni ba, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin kuɗin man fetur ne, soja na mulki. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, wannan ya sayi babur wancan ya sayi Fijo, rediyo kuwa ba ta da zance sai a koma gona a ciyar da ƙasa. Takin zamani da hodar kashe ƙwari suka cika kasuwa. Ana cikin haka sai labari ya yi ta yawo cewa a wani gari mutanen gida guda sun ci waken da aka barbaɗa wa hoda, an kwashe su zuwa asibiti, wasu ba su dawo ba. Manyan gari suka fara tsoron tukunyarsu. Alhaji Mode ya hango kasuwa a cikin wannan tsoro tun kafin kowa ya farga.

Ya tara manoman fadama ya kafa Ƙungiyar Masu Takin Gida, shi ne shugaba. Dokarsu ita ce ba takin zamani, ba hoda. Gona ta ci takin shanu, hatsi da wake kuma a adana su da toka da ganyen dogon yaro yadda aka gada. Ya buɗe shago a Sama Road, aka zana masa allo babba mai hoton tsohuwa riƙe da faifai. Tsohuwar nan Delu ce, yayarsa ciki ɗaya, wadda mijinta ya rasu ba ta da ɗa, ta dawo gidansa da zama.

Kada in ci haƙƙinsa, ya iya shugabanci inda ido ke gani. Ya haƙa wa unguwa rijiya. Da azumi kunu da ƙosai ba sa yankewa a ƙofar gidansa. Da aka kama wani ɗan ƙungiya, Arzika, ya fesa wa tumatirinsa magani saboda tsutsa ta kusa cinye masa lambu, Alhaji ya tsayar da shi gaban jama'a ya wanke shi tas, ya ce mai sa guba a abincin Musulmi ba shi da wurin zama cikinsu. Arzika ya yi kuka da hawayensa, bai hana a kore shi ba. Ranar kowa ya ce unguwa ta yi dacen shugaba.

Matsalar ita ce masu sayen waken toka sun fi waken toka yawa. Matan manyan ma'aikata da kukun Turawa layi suke yi da motoci, abin da 'yan ƙungiya suka noma kuwa ba ya kai wata biyu. Da wani ne, da ya ce ya ƙare, a jira kaka. Alhaji Mode bai iya cewa ya ƙare ba.

Sai na fara ganin akori-kura tana tsayawa ta ƙofar baya da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki. Buhunan wake ne na 'yan kasuwa, irin mai arahan nan da aka cika wa hoda don kada ƙwari su taɓa shi. Aikin Delu ne ta kwance buhu, ta sheƙe waken, ta bakace shi a faifai, ta murje shi da tsumma har farin hodar ya ɓace. Sannan ta cakuɗa shi da toka da busasshen ganyen dogon yaro, ta zuba a buhun ƙungiya ta ɗinke. Tun hantsi har la'asar tana cikin farar ƙura, kanta da girarta sun yi furu-furu.

Kajina ne suka fara tona asiri. Sun tsallaka sun tsattsagi ƙaiƙayin da ta share, kafin magariba na tarar da su a gindin katanga suna ta shure-shure. Na ɗebo ƙaiƙayin na shinshina, warin ya doke ni har ƙwaƙwalwa. Na hau turmi na kira ta.

"Delu, mi kika sheƙewa nan?"

Ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Toka ta, Dije. Ki yi haƙuri, ƙila ta yi musu yawa."

"Ni za ki hwaɗa ma toka? Toka ka kashe kaza? Wagga hoda ta, kuma ke ka shaƙat ta."

Ta waiga ta ga ba kowa, ta rage murya. "Ya ce in an sheƙe ta ba ta komi. Ƙanena na, ni nig goya shi. Ba ya cuta ta."

Washegari Alhaji da kansa ya yi sallama a ƙofata, yana murmushi, an riƙo masa kaji waɗanda suka fi nawa girma. Ya ce ya ji annobar kaji ta shigo unguwa, ya zo jaje. Na ce ba annoba ba ce, hodar gidansa ce. Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idonsa ya canza.

Ya ce, "Dije, ke dai ki ji da kaskonki. Mi yah haɗa ki da aikin gidana?"

Na ce, "Abin da yak kashe kaza shina kashe mutum, Alhaji."

Ya ce, "Allah shi kyauta," ya juya.

Gyaran da ya yi shi ne ya ɗauke aikin daga tsakar gida ya mai da shi cikin ɗakin Delu. Ya sa aka toshe 'yar tagar ɗakin da tsofaffin buhuna don kada ƙura ta fita maƙwabta su sake jin wari. Nan take sheƙa, nan buhunan suke jibge, nan take kwana. Ya kuma kafa doka a gidan, yaro ko ɗaya kada ya kusanci ƙofar. Waken da suke ci kuwa daga ƙauyen matarsa Atika ake kawo shi, yana can cikin ɗakinta a kulle. Mutumin da ya ce hoda ba ta komai bai taɓa yarda ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyarsa ba.

Da hannu abin ya fara. Fatar ta yi ja, ta tsattsage, har ba ta iya taɓa ruwan tsamiya. Daga nan tari, irin busasshen nan mai fitowa daga ƙasan ƙirji, ina suya ina jin sa ta katanga. Abinci ya daina yi mata daɗi, ta ce komai ɗacin ƙarfe yake mata. Matar da take da jiki har ana tsokanarta, zani ya koma zagaye ta sau biyu.

Na shiga wurin Atika na same ta tana kallon sabuwar firjinta. Na ce ta dubi Allah ta yi wa mijinta magana.

Ta taɓe baki ta ce, "Inna Dije, tsuhwa na. Wa at tsoho bai tari? Kuma ita ka son aikin, ko an hana ta ba ta zama."

"To ke mi yah hana ki kama mata?"

"Ni ƙura ba ta yi da ni. Asma gare ni."

Ba ta da wata asma, ƙiba ce kawai da son jiki. Ta kawo mini lemon kwalba mai sanyi don ta rufe mini baki, na bar mata abinta a kan tabarma.

Na tafi wurin mai unguwa, Malam Hayatu. Ya saurare ni yana jan carbi, ya bari na gama, sannan ya tambaye ni daga wace rijiya na ɗebo ruwan da na jiƙa wake da shi yau. Na ce ta Alhaji. Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "To kin gani. Mutum shina ɗauke da unguwa, ke kina son ki kada shi don kaji. In ƙungiyag ga ta rushe, gida nawa za su kwana da yunwa? Maganar cikin gida ta, a bar ta cikin gida. Kuma ke mai sai da ƙosai ta, mutane cewa za su yi hassadar wake ta."

Na fito cike da haushi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san ya yarda da maganata. Da bai yarda ba, da ya ce in kawo shaida.

Wata rana aka yi baƙi daga ma'aikatar gona, har da mai ɗaukar hoto da wani Bature mai jan wuya. Tun da safe aka fito da Delu, aka yi mata wanka, Atika ta ara mata atamfa da ɗankunne. Aka kulle ɗakinta, aka jingina tabarma a ƙofar. Aka zaunar da ita a tsakar gida gaban tulin toka mai tsabta, aka ba ta faifai. Ina kan turmina ina kallo. Alhaji ya dafa kafaɗarta yana yi wa baƙi bayani, wai ga uwar ƙungiya, ga hannun da ke kare lafiyar jama'a, wai shi bai ajiye ta a matsayin yaya ba, uwa ya ɗauke ta. Faifan yana ta kaɗawa a hannunta, waken yana zubewa, ta kasa tsayar da shi. Mai hoto ya ce ta daina motsi.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kunya ta. Ba ta saba da baƙi ba."

Suka yi dariya su ma, suka tafa masa. Motarsu ba ta gama fita daga lungu ba Atika ta karɓe ɗankunnenta, aka buɗe ɗakin, aka mai da Delu ciki saboda akwai odar da za a kai Sama Road kafin Juma'a.

Bayan wannan rawar hannun ta kama jiki duka. Takan tashi ta ga jiri ya kwashe ta. Rannan ina tsame ƙosan safe na ji faɗuwa da ƙarar kwano. Na bar kasko a wuta na zagaya da gudu. Na same ta a bakin ƙofar ɗakin tana sanƙarewa, kumfa a bakinta, yara sun yi cirko-cirko daga nesa saboda an hana su matsowa. Na ja ta zuwa inuwa na yi ta yayyafa mata ruwa har ta dawo. Alhaji yana zaure yana karin kumallo, Fijonsa fara sol tana ƙofar gida.

Na same shi na ce, "Alhaji, don girman Allah ka kai ta asibiti."

Ya ajiye kofin shayi a hankali. "Iska ta. Tun tana yarinya tana da su. Likita mi yas sani ga iska? Na aika a karɓo rubutu."

"Hoda ta, kai ma ka sani."

"Ki iya bakinki. Kuma ko ina so, motag ga ba ta tashi. Tun jiya batir ya mutu."

Na ce zan nemo tasi da kuɗina. Ya miƙe tsaye, ya nuna ni da yatsa, ya ce yayarsa ce, shi ke cishe ta, shi ke tufatar da ita, duk wanda ya fitar da ita daga gidansa ba da izninsa ba sai ya kwana a caji ofis. Ni na san abin da yake tsoro. Likita zai ga hannuwan nan ya tambayi aikin da take yi.

Na koma wurinta na ce ta tashi mu tafi, ko gidana ne. Ta girgiza kai. Ta ce in ta fita ta tona masa asiri, da wane ido za ta dubi mahaifiyarsu gobe kiyama. Na ce shi da wane ido zai dube ta? Sai ta kama hannuna da nata mai kaushi ta ce, "Dije, akwai buhu guda da ban gama ba. Kada ki bari yara su taɓa shi." Ko a wannan hali 'ya'yansa take tunani, ni kuwa ji nake kamar in cinna wa gidan wuta.

Aka yi ta ɗura mata rubutu da hayaƙi, hayaƙin yana ƙara tayar da tarin. Ta kwana biyu a haka, ciwon yana dawowa yana tafiya. A dawowar ƙarshe bai sake ta ba, ta cika da hantsi, kanta a kan cinyata. Ni na yi mata wanka. Da na zo kan hannuwan na ga farar hoda da toka a ƙarƙashin kowane farce, na yi ta cirewa da tsinke ina kuka. Alhaji yana waje yana karɓar gaisuwa, ina jin muryarsa yana cewa ya yi rashin uwa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare.

Ranar sadakar uku Atika ta aiko mini da wake daga na ɗakinta, wai in yi ƙosan sadaka tunda hannuna ya fi daɗi. Na karɓa. Na surfa, na wanke, na kai markaɗe, na buga shi har ya tashi. Ban taɓa yin ƙosai mai kyau irin na ranar ba. Da na gama ban ba kowa ya kai ba, na yafa mayafi na ɗauki tiren da kaina. Tsohuwa ce ni, ba mai hana ni ƙofar gida.

An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. 'Yan ƙungiya sun zo, Malam Hayatu yana gefen Alhaji, ga wasu manyan ma'aikata masu sayen wake a shagonsa. Can ƙarshen tabarma na hango Arzika, wanda aka kora, ya zo gaisuwa ya rakuɓe. An shafa fatiha ke nan na durƙusa na ajiye tiren gaban Alhaji. Yana cikin farar babbar riga. Ya ɗauka ya ci, ya ƙara, ya ce a miƙa wa baƙi, ya ɗauki na uku.

Na ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji. "Alhaji, a yi haƙuri in bai ji gishiri ba. Waken da Hajiya Atika tab ba ni bai isa ba, sai nis shiga ɗakin marigayiya nik ƙaro daga buhun da ba ta gama sheƙewa ba. Na ce ladan ya isko ta da waken hannunta."

Bakinsa ya tsaya da tauna. Ya dube ni, ya dubi rabin ƙosan da ke hannunsa. Sai ya furzar da na bakinsa a kan tabarma, ya kai wa tiren duka, ƙosai ya watse cikin ƙasa.

"Kada kowa shi ci! Ku tofar! Ta kashe mu!" Ya zura yatsa cikin maƙogwaro yana kakari. "Manja! Atika, kawo manja! Ku kai ni asibiti!"

Wuri ya hargitse. Masu ƙosai a hannu suka yar, wani ya fara salati. Aka fito da kwalbar manja da gudu, ya kafa kai yana kwankwaɗa, yana zuba a gemu da gaban riga. Ya laluba aljihu ya jefa wa wani ɗan ƙungiya makulli. Mutumin ya faɗa cikin Fijo ya murɗa, ta tashi nan take.

Arzika ne ya miƙe daga ƙarshen tabarma. Bai ɗaga murya ba. "Alhaji, ba waken ƙungiya na ba? Toka da dogon yaro ka kai mutum asibiti?"

Manyan ma'aikatan nan suka dubi juna, na ga ɗaya ya dafe cikinsa, ina jin ya tuna abin da gidansa suka yi wata da watanni suna ci. Malam Hayatu ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kamar carbin ne ya yi masa laifi.

Na tsuguna na ɗauki ƙosai ɗaya daga ƙasa, na hure shi, na sa a baki na tauna a gabansu har na haɗiye.

Na ce, "Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Ƙwaya guda ta ɗakin nan ba ta shiga kaskona ba. Waken tukunyar Alhaji na, wanda shika ci da ɗiyanai. Wancan buhun yana nan inda tab bar shi, mai so shi shiga shi shinshina. Ku cire buhunan da anka toshe taga da su tukuna, kada ku shaƙi abin da tash shaƙa."

Mutum biyu suka tashi suka shiga, Arzika na gaba. Ba su daɗe ba suka fito suna tari, hannu a hanci.

Ba zan ce muku duniya ta gyaru daga ranar ba. An sauke allon Sama Road, wasu sun daina gaishe shi, wasu kuwa har gobe ni suke zagi, wai na yi ƙarya a wurin makoki na ci mutuncin mai rijiya. Su zaga. Unguwa guda ta ji tarin matar nan ta katanga, kowa ya ɗebi ruwansa ya wuce. Ya ci ƙosai uku ya nemi likita, ita ta shaƙi buhu bayan buhu aka ba ta rubutu.

Yana tsaye a wurin, manja ya ɓata masa farar riga har ƙasa, ya rasa inda zai sa idonsa. Fijo tana ta ruri a bayansa, wanda ya tayar da ita ya manta bai kashe ba. Na kakkaɓe tirena na ɗora a ka, na tsaya dab da shi na nuna motar da haɓa.

Na ce, "Ashe tana tashi, Alhaji."